Kifin da ya mutu tun magariba: nazarin asarar wata tungar masunta a tafkin Jabal Auliya

Da hantsi a watan Afrilu, tajirin kifi yana zaune a inuwar rumfa a bakin gaɓa, sikeli a gefe, akwatunan ƙanƙara a bayan mota. Kowane jirgi ya iso, a juye masa kifi a kan leda. Shi kuwa babban yatsa kawai yake sa wa ƙarƙashin kunnen kifi ya ɗaga. In cikin ya yi ja jawur, ya jefa dama. In ya koma ruwan ƙasa da yauƙi, ya jefa tsakiya a kan rabin kuɗi. In ya yi toka-toka, ido ya faɗa, ya danna jikin ya ga yatsa ya bar gurbi, sai ya ture da ƙafa ya ce, "Wannan na kajik ne, ya Hajj, ku kai wa mata." Kajik shi ne busasshen kifin shanya. A tungar da wannan nazari ya duba, tulin tsakiya da na ƙafa in an haɗa su sukan kai tulin dama, wata rana ma su fi shi. Mutanen tungar sun ɗora laifin a kan tajiri da tsadar ƙanƙara. Dukansu suna da nasu kason, amma mafi yawan kifin tun yana cikin ruwa ya lalace.

Ruwan da lokacin

Madatsar Jabal Auliya tana kan Farin Nilu, wanda mutanen nan ke kira Bahar Abyad, kilomita arba'in da 'yan kai kudu da Khartum. An gama ta a 1937 don tara wa Masar ruwan rani, aka miƙa ta ga Sudan a 1977. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwan da ta tare yakan koma baya ɗaruruwan kilomita, ya wuce Gitaina da Duwaim da Kawa da tsibirin Aba, ya wuce Kosti da Rabak har Jabalain. Tafki ne mai faɗi marar zurfi. Ana fara tare ruwa wajen Yuli, ya cika wajen Oktoba, ya mamaye fadamu da gonakin gaɓa, kifi ya bi ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba. Daga wajen Fabrairu ake fara sakinsa har zuwa Mayu, tafkin ya janye ya koma kusan kogi.

Hausawa sun daɗe a wannan gaɓa. Wasu zuriyar alhazan ƙafa ne da suka yada zango ba su ƙarasa gida ba, wasu na waɗanda suka biyo Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma su yana cikin sana'o'in da aka san su da su daga Sinnar har Kosti. Tungar da ake magana tana tsakanin Duwaim da Kosti, jirage ne na katako, ƙanana irin da ake kira sharok da 'yan manya irin faluka, mutum biyu ko uku a kowanne, yawancinsu ba inji.

Lokacin janyewar ruwa shi ne kakar masunta, domin kifin da ya bazu a fadama yakan taru a ɗan wuri. Sai dai kuma shi ne lokacin da zafi ke kai maƙura. A Afrilu da Mayu iska takan haura digiri 40 da rana, ruwan gefe marar zurfi kuma yakan kai wajen digiri 28 zuwa 30, ba ya wani hucewa da dare. Yawan kamu da saurin ruɓewa a wata ɗaya suke zuwa.

Yadda ake aikin a da

Kayan aikin tungar raga ce mai ido, wadda wasu ke kira kalli, ta roba mai zare ɗaya. Ana auna idonta da yatsu: huɗu ko biyar don karfasa, wato bulɗi a bakin Larabawa, biyu don kawara da ƙananan tsage. Dami ɗaya na raga yadi ɗari ne in an miƙe shi, in an ɗaura shi a igiya a kan rabi yakan ba da yadi hamsin na aiki. Da kamu ya fara raguwa a shekarun baya, kowane mai jirgi sai ya riƙa ƙara tsawo. Wanda ubansa ke shimfiɗa dami huɗu ko biyar, shi ya kai goma sha biyar, wani ashirin, yawanci bashi daga tajirin da ke sayen kifin.

Ana fita bayan la'asar, a gama shimfiɗa kafin magariba, a dawo tunga a kwana. Bayan sallar asuba a koma a fara ɗagawa. A nan lissafin yake karyewa. Mutum biyu, in kifi ya shiga sosai, sukan ci minti goma sha biyar zuwa ashirin a kan kowane dami. In an ci karo da kurungu kuwa sai a ninka, don yakan buɗe ƙayoyinsa uku ya kulle su, zare ya nannaɗe, sai an karya ƙaya ko an bi a hankali kada ya soki hannu. Ga kainuwar da ta shigo Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950, wadda iska ke turowa cikin dare ta kwanta a kan raga, sai an yaye ta tukun. Dami goma sha biyar, kenan awa huɗu zuwa biyar. Wanda ya fara ƙarfe shida ba zai gama ba sai goma ko sha ɗaya, sannan ya tuƙa zuwa gaɓa cikin rana.

Kifi kuwa ba ya jiran safiya kafin ya shiga raga. Motsinsa ya fi yawa da faɗuwar rana da kuma gab da asuba. Karfasar da ta tura kai cikin ido da magariba, zare ya maƙale bayan kunnenta ya hana ta numfashi, ba ta daɗewa take mutuwa. Daga ƙarfe bakwai ko takwas na dare zuwa goma na safe, awa goma sha huɗu kenan gawarta na rataye cikin ruwa mai ɗumin digiri 29. A irin wannan zafi karfasa ba ta wuce awa goma sha biyu zuwa sha takwas ta tashi daga abin sayarwa. Wato kifin magariba ya riga ya cinye kwanansa kafin hannu ya taɓa shi.

Abin da ya ruɗi mutanen tungar shi ne raga ɗaya ce ke fito da kifi iri biyu, na magariba da na asuba, kuma ana zube su wuri ɗaya a cikin jirgi. Na asuba yana wutsil-wutsil, sai ido ya ɗauka duka sabo ne.

Kifi ba iri ɗaya yake mutuwa ba

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan gyara ya fi sauƙi. Tarwaɗa, garmut a kasuwa, tana da gaɓar shaƙar iska a cikin kai. In ragar ba ta danne ta a ƙasa ba, da rai ake ɗago ta, kuma takan yi awanni a jirgi in jikinta na jiƙe. Ba ta buƙatar ƙanƙara ko kaɗan, ruwa kaɗan a rabin durom ya ishe ta. Kurungu ma yana da taurin rai. Ragon ruwa, wato bayad, da giwan ruwa, wato ijil, su ne masu tsada, kuma ba su da juriya a raga. Babban giwan ruwa yana da wata matsalar ta daban: kaurinsa yana riƙe zafi a ciki, ko an lulluɓe shi da ƙanƙara sanyi ba ya isa ƙashin baya sai bayan awanni, shi ya sa ake samun wanda fatarsa lafiya lau amma gefen ƙashi ya fara wari.

Mafi saurin lalacewa su ne tsage da kawara. Masu cika ciki ne, kuma ruwan narkar da abinci da ke hanjinsu ba ya tsayawa don sun mutu. Yana ci gaba da aiki a kan bangon cikin har ya yi laushi ya fashe. Tsagen da ya kwana a raga, kana ɗaga shi za ka ga ciki ya saki, ƙasusuwan haƙarƙari sun rabu da tsoka. In aka jefa irinsa a tsakiyar karfasa, ruwan cikinsa ya zuba a kansu, ya ɓata na kirki.

Sai kuma cikin jirgin kansa. Katako ne da ya sha jini da yauƙi shekara da shekaru, ruwa na yoyo ta tsaga yana taruwa a ƙasa. Kifi na kwance cikin wannan ruwa, rana na dukan na sama, ƙafafun masu jan raga na taka na ƙasa. Duk inda aka taka tsoka ta farfashe, ruɓa ta samu ƙofa.

Maganar ƙanƙara

Matasan tungar sun dage cewa da za a samu ƙanƙara mai araha da an huta. Wani dattijo da ake kira sarkin ruwa ya ba ɗan ƙanensa amsa a taƙaice a bakin gaɓa. Yaron ya ce, "Baba, in muka haɗa kuɗi muka sayo allon ƙanƙara goma daga Kosti ai shi ke nan." Dattijon ya ɗauko wata karfasa daga tulin ƙafa ya buɗe kunnenta ya ce, "Ɗana, sa wannan a ƙanƙara kwana bakwai ka gani ko jan zai dawo."

Gaskiyarsa. Ƙanƙara tana tsayar da kifi ne a inda ta same shi. Karfasar da aka sa cikinta da rai ko da ɗumin mutuwa takan wuce mako biyu lafiya. Wadda ta yi awa goma sha huɗu a ruwan zafi, ƙanƙara za ta ɓoye warin na kwana ɗaya ko biyu, sai ta isa Khartum ko Madani a buɗe akwati a ga abin da aka saya. Tajirin ya sha wannan asara, shi ya sa yake tsananta wa yatsansa.

Ko ƙanƙarar da ake samu ma ba a amfani da ita daidai. Don sauko da kilo 100 na kifi daga digiri 30 zuwa sifili, kusan kilo 33 na ƙanƙara ne zai narke, wato kashi ɗaya bisa uku na nauyin kifin. Abin da ya ƙaru a kan haka, zafin waje ne ke cinye shi ta bangon akwati. Shi ya sa a wannan yanayi ake lissafa kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi in za a yi tafiyar yini. A tungar ana sa allo ɗaya sukutum a tsakiyar kwando a jera kifi kewaye, wanda ya taɓa allon ya yi sanyi, na gefe yana nan da zafinsa. Wasu kuma sukan fasa shi manya-manya masu kaifi, su huda cikin kifi. Daidai shi ne a sa allon a buhu a daddaka shi ya koma kamar tsakuwa, a shimfiɗa kauri yatsa huɗu a ƙasa, a jera kifi sahu ɗaya ciki na kallon ƙasa, a rufe da ƙanƙara, a sake jerawa, kada tsayin ya wuce kamu biyu don nauyi kada ya latse na ƙasa. Dole akwatin ya kasance da hudar zubar ruwa. Tsohuwar firiza da ta mutu tana aiki sosai a matsayin akwati, amma in ba a huda gindinta ba, kifin ƙasa zai jiƙu cikin ruwan jini ya yi fari ya kumbura.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 lamarin ƙanƙara ya ƙara wuya: wuta ba ta tsayawa, man mota ya yi tsada, hanyar Khartum ta daɗe a rufe. Wannan ya sa duk gyaran da ya dogara ga ƙanƙara kaɗai ba zai ɗore ba.

Abin da aka canza

Jirage kaɗan ne suka yarda suka gwada, kuma ba su sayi sabon abu ba in ban da tocila ta goshi da buhunan algarara.

Na farko, suka raba ɗagawa biyu. Maimakon komawa tunga, sai su ɗaure jirgi a bakin raga su jira. Wajen ƙarfe goma na dare su bi ragar su cire kifin magariba ba tare da sun naɗe ta ba, mutum ɗaya na ɗago igiyar sama ta kan jirgi, ɗayan na cirewa, ragar na komawa ruwa a baya. Da asuba su sake bi su naɗe. Ta haka babu kifin da ke wuce kimanin awa takwas a ruwa. Kifin dare kuma a jera shi a kan shimfiɗar gora ko katako da aka ɗaga kamu ɗaya daga ƙasan jirgi, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Iskar nan busasshiya ce a wannan wata, ruwan buhu na bushewa yana janye zafi, kifin ya fi na cikin ruwa sanyi da 'yan digirori. Buhun leda ba ya wannan aiki, dafa kifin ma yake yi.

Na biyu, wanda ya fi ciwo, suka rage tsawo. Ƙa'idar da aka bi mai sauƙi ce: kada ka shimfiɗa abin da ba za ka gama naɗewa kafin ƙarfe takwas na safe ba. Ga mutum biyu, wannan dami takwas ne zuwa goma. Lissafin ya nuna ba asara ba ce. A ce dami goma sha biyar ya kawo kilo 60, rabi ya shiga dama, kilo 20 ya tafi a rabin kuɗi, kilo 10 ya tafi kajik. Kuɗin da za a karɓa, har da ɗan na kajik, bai wuce na kilo 42 ko 43 na kifi mai kyau ba. Dami goma da aka bi sau biyu, ko kilo 45 ya kawo, kusan duka dama zai shiga. Ga kuma abin da masunta suka sani tun tuni: ragar da matattun kifi suka cika ba ta kamu sosai da asuba, wadda aka share cikin dare ta fi kamawa. Sauran damin da aka ajiye ya zama na canji, bashin raga na baɗi ya ragu.

Na uku, rarrabewa a cikin jirgi tun daga hannu. Tarwaɗa cikin durom. Giwan ruwa da ragon ruwa da suka haura kilo biyu, a yanka a zubar da jini, a fede a cire hanji da kunne, a wanke da ruwan tsakiyar tafki. Ruwan bakin gaɓa inda ake wanki da shayar da dabbobi ba na wanke kifi ba ne, kuma nan ne ma ake ɗaukar tsargiya. Sai dai a sani, wasu tajirai ba sa son fedadden kifi don masu saye a kasuwa na zargin an ɓoye ruɓa, saboda haka sai an yi magana da mai saye tun kafin a fede. Tsage da kawara kuwa kwandonsu daban, da gishiri a jirgi.

Gishiri da shanya

A tungar an saba ɗaukar fasik, wato kifin da aka jiƙa da gishiri, da kajik a matsayin inda ake zubar da abin da tajiri ya ƙi. Wannan kuskure ne mai tsada, don dukansu suna da kasuwa ta kansu. Fasik na tsage da kawara yana tafiya arewa har Masar, kajik kuma abincin ma'aikatan manyan gonaki ne a Gadarif da Damazin da kewaye.

Fasik mai kyau daga sabon kifi yake fitowa. A wanke, a jera sahu-sahu da gishiri mai tsakuwa irin na Bur Sudan, kilo ɗaya ga kowane kilo huɗu na kifi, a cusa wani cikin kunne da baki. A bar shi kwana uku zuwa biyar a kwando ko tabarma ruwa ya tsane, sannan a mayar cikin garwa ko durom na roba da ƙarin gishiri, a danne, a rufe, ya yi aƙalla mako biyu a inuwa. Rowar gishiri a nan haɗari ce ta rai: kifin da ba a fede ba, gishiri bai ratsa cikinsa ba, an rufe shi ba iska, yana iya haifar da guba mai shanye jiki, kuma ba lallai wari ya nuna ta ba. Tsagen da cikinsa ya riga ya fashe a raga ba ya zama fasik, narkewa yake yi ya zama taɓo a gindin garwa.

Kajik kuwa, a tsaga kifi ta baya, a yi masa tsaga-tsaga in mai kauri ne, a rataye a igiya ko a baza a kan gadon kara mai tsayin ƙugu, ba a ƙasa ba. A zafin Afrilu kwana biyar zuwa bakwai ya bushe, kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ya ba da kilo ɗaya. Kwana biyun farko su ne na ƙuda. Kifin da ya fara wari kafin a shanya shi ne ƙuda ke rububi, ya zuba ƙwai, tsutsa ta cinye tsoka ta bar fata. Tsoma kifi na rabin awa cikin ruwan gishiri mai ƙarfi kafin shanya yana rage wannan ƙwarai. Abin da bai halatta ba ko kaɗan, kuma ana yi, shi ne fesa maganin ƙwarin gona a kan kifin shanya ko cikin buhu. Mutane ne za su ci, da 'ya'yansu. Matan tungar da suka iya banda sun fi kowa dabara da tarwaɗa da kurungu: itacen bagaruwa, wuta mai sanyi a awannin farko don kada waje ya ƙone ciki na ɗanye, sannan hayaƙi na yini biyu.

Inda gyaran ya cije

Kwana a ruwa ba wasa ba ne. Sauro yana da yawa a bakin ciyawa, kada yana bin ragar da kifi ke motsi a cikinta, kuma daga Mayu guguwar habub na iya tasowa ba sallama ta kifar da sharok. A lokutan da tsaro ya taɓarɓare, haska tocila a kan ruwa da dare kansa abin tsoro ne, akwai makonnin da ba wanda ya fita. Dattawa da ba su da matasa a gida ba su iya wannan aiki na dare ba, suka ci gaba da yadda suka saba, sai dai wasunsu sun koma shimfiɗa raga ƙarfe uku na dare su ɗaga da hantsi, su haƙura da kifin magariba gaba ɗaya.

Sannan tajirin da ya ba da bashin raga shi ke yanka farashi. Da tulin dama ya ƙaru, kuɗin da ke shiga hannun masu jirgi ya ƙaru don kilo ya ƙaru, amma farashin kilo bai motsa ba, kuma motar ba ta zuwa sai hantsi kamar da. Kifin da aka sauke ƙarfe takwas yakan zauna awa biyu ko uku yana jiran ta. Masu jirage huɗu suka haɗa kuɗi suka ajiye mushen firiza ɗaya a rumfa, suka roƙi direban ya riƙa bar musu allo uku kowace rana a cire a kuɗin kifi, don na gobe ya samu wurin jira. Allon da aka naɗe da buhu aka binne cikin ɓuntun gyaɗa a cikin firizar yakan kai washegari da fiye da rabinsa. Ranar da motar ba ta zo ba, kifin firizar gaba ɗaya a tsaga shi kafin azahar a kai gadon shanya.